Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Ni ba likita ba ne, kuma ban taɓa riƙe allura ba. Nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa a jami'a. Saboda haka mai karatu na iya tambaya, me ya kai malamin harshe cikin maganar hanji da jijiyoyi? Gwaggona ce ta ja ni, kuma abin da na gani a rashin lafiyarta ya tabbatar mini cewa akwai wani ɓangare na aikin lafiya da ya rataya a wuyan irinmu, mun kuwa yi sakaci da shi.

Wannan baiwar Allah tana zaune ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gwaram. Ta shafe wajen shekara shida tana cewa olsa gare ta. Ba a taɓa yi mata gwaji ba, wani mai kyamis ne ya raɗa wa ciwon suna, ya ɗora ta a kan ƙwayar omeprazole kullum safe. Ta bar yaji, ta bar tsami, ta bar nama da nono, har ta koma kusan kunu kaɗai take sha. Daga baya ƙafafunta suka soma sagewa, tana jin kamar kiyashi na yawo a tafinsu. Wannan kuma aka ce sanyi ne, aka buɗe masa nasa babin na jiƙe-jiƙe. Da na kai ta wurin wani matashin likita a Birnin Kudu, abin da ya fara ce mata shi ne, "Iya, a ajiye maganar olsa tukuna. Gaya mini yadda kike ji, da bakinki." Ta ce, "Ɗan nan, wani abu ne yake tokare ni a ƙahon zuci, in na yi loma uku sai in ji na cika." Ya ce, "Tun yaushe?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tun bayan rasuwar Malam." Bayan gwaje-gwaje, har da wanda sai da muka je Kano, ba a sami gyambo a tumbinta ba. An dai sami ƙarancin bitamin B12 a jininta, wanda shi ne ya taɓa jijiyoyin ƙafa.

Domin a fahimci abin da ya same ta, sai mun waiwayi abin da masana suka gano. Tun a 1857 da 1862 wasu Jamusawa biyu, Meissner da Auerbach, suka bayyana cewa akwai saƙar jijiyoyi a cikin bangon hanji. A yau an san ƙwayoyin wannan saƙa sun haura miliyan 100, kuma suna iya tafiyar da motsin hanji ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Wannan ya sa Michael Gershon na Jami'ar Columbia a Amurka ya kira su ƙwaƙwalwa ta biyu a littafinsa na 1998. Bugu da ƙari, akwai babbar jijiya mai suna Vagus da ta haɗa ƙwaƙwalwa da kayan ciki, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta saƙo suke kaiwa sama, wato ciki ya fi yi wa kai magana fiye da yadda kai ke yi masa. Abin da ya biyo baya shi ne, a 2016 kwamitin ƙwararru na duniya da ake kira Gidauniyar Rome ya sake wa wani rukuni na ciwon ciki suna, ya kira su cututtukan mu'amalar ciki da ƙwaƙwalwa. Su ne waɗanda mutum ke fama da kumburi, ko murɗa, ko saurin ƙoshi, alhali an leƙa ba a ga rauni ba. Ciwon na gaske ne, sai dai a hanyar saƙo matsalar take.

Da na karanta waɗannan bayanai sai na yi murmushi, domin kuwa Bahaushe ya daɗe da ajiye motsin ransa a cikinsa. Idan ya ji daɗi farin ciki yake yi, idan ya ji akasin haka baƙin ciki. Wanda ya firgita, cikinsa ne ya ɗuri ruwa, ko hantarsa ta kaɗa. Mai ɓoye damuwa kuwa zurfin ciki gare shi. Ba ina cewa kakanninmu sun san jijiyar Vagus ba ne, wannan zai zama cika baki. Abin da nake cewa shi ne, likitan da zai bayyana wa Bahaushe dangantakar damuwa da ciwon ciki ba daga tushe zai fara ba, harshen ya riga ya share masa hanya.

To amma harshen da ya taimaka a nan, ya kawo cikas a wani wurin. Ɗauki kalmar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da ke ɗaukar saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Idan likita ya ce wa tsohuwa jijiyarta ta taɓu, wacce daga ciki ta fahimta? Sai kuma kalmar olsa, wadda muka aro, ta zo ta haɗiye ƙwannafi da kumburi da murɗa da tashin zuciya da tokarewa, alhali kowanne da sunansa a Hausa, kuma kowanne alama ce da likita ke bukatar ji daban. Majiyyaci ya daina bayyana abin da yake ji, ya koma kawo sunan cuta a shirye. Haka kalmar sanyi da basir suka zama buhun da ake zuba duk abin da ba a gane ba.

Kada wani ya ɗauka suna abu ne mai sauƙi. Mu a Arewa mun ga abin da suna ya yi mana a kan shan inna. Ƙwayar wannan cuta ta baki take shiga, a hanji take hayayyafa, sannan a wajen kimanin yaro 1 cikin 200 ta kai ga laka ta shanye ƙafa har abada. Babu misalin da ya fi wannan nuna alaƙar hanji da jijiya. Amma da yake sunan ya jingina abin ga iska, iyaye da yawa wurin masu maganin iska suka nufa, ya kuma yi musu wuya su yarda cewa ɗigon da ake sawa a baki na da alaƙa da ƙafa. Ba suna kaɗai ya jawo dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004 ba, akwai siyasa da rashin yarda, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kuma har yanzu rigakafi bai zama abin saki ba.

Wajibi ne in ja hankali a kan abu biyu, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na farko, ba kowane ciwon ciki ne damuwa ba. Shekaru da dama likitocin duniya sun ɗora gyambon ciki a kan damuwa da yaji, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna cewa ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce babbar sanadi. Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don ya kafa hujja, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2005. Gyambo na gaske yana warkewa da magani na 'yan makonni a hannun likita, ba na shekara shida a hannun mai kyamis ba. Shan magungunan rage tsamin ciki shekara da shekaru na iya hana jiki tsotse bitamin B12, wanda jijiyoyi ba sa rayuwa sai da shi, kuma daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, wato abubuwan da Gwaggo ta ƙaurace wa. Wanda kuma ya ga aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a wuya, to ya garzaya asibiti. Na biyu, a yi hattara da masu lasifika a kasuwa da 'yan'uwansu na Facebook, waɗanda suka tsinci wannan bincike suna tallar wankin ciki da sunan maganin mantuwa da farfaɗiya. Bincike bai faɗi haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, mafi yawan wannan ilmi a kan cikin wasu aka gina shi. A duk lokacin da aka duba namu kuwa, sai a ga sabon abu. A 1992 Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta cewa ƙwayar Helicobacter ta game jama'a a Afirka amma cututtukan da take jawowa ba su kai yadda ake zato ba, maganar da masana suka yi ta muhawara a kanta bayan haka. A 2010 aka kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa irin namu, da yaran birnin Florence na Italiya, aka tarar ƙwayoyin halittar da ke hanjinsu sun sha bamban ƙwarai. Sannan a binciken da Gidauniyar Rome ta wallafa a 2021 kan ƙasashe 33, har da Nijeriya, kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka amsa ta intanet suna da irin waɗannan cututtuka, amma kimanin kashi 20 ne cikin waɗanda aka bi gida gida. A fahimtata, wannan tazara na nuna cewa yadda aka yi tambaya, da wanda ya yi ta, na iya sauya amsa. Tambaya kuwa aikin harshe ce.

Saboda haka ga shawarata. Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, tana da makarantar koyon aikin jinya, kuma majiyyata na zuwa daga Gwaram da Buji da maƙwabtan garuruwan Bauchi da Kano. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero duk suna da masana harshe. Me zai hana a haɗa ƙaramin ayari, likita da ma'aikaciyar jinya da malamin Hausa da mai jin Fulatanci, su zauna da majiyyata da izininsu, su tattara kalmomin da mutanen Sara da Basirka da Bamaina ke bayyana ciwon ciki da na gaɓoɓi da su, a gwada kowace kalma da abin da gwaji ya nuna? Daga nan a fitar da takardar tambayoyi da Hausar da manomi ke ji, a tsayar da kalmomi uku mabambanta ga ma'anoni uku na jijiya, a koyar da su a makarantun jinya, a kuma yaɗa su ta rediyo.

Na san za a ce asibitocinmu na kukan ƙarancin likitoci da kayan aiki, wa yake ta kalmomi? Gaskiya ne, kuma ina cikin masu kira ga gwamnati a kan haka. Amma inda likita ɗaya ke duba layin da ba a ganin ƙarshensa, nan ne kalmar da ta dace ta fi daraja, domin minti biyar ɗin da majiyyaci ya samu bai kamata su tafi a rashin fahimta ba. Wannan aiki bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba. Mu malaman harshe ma sai mun sauko, mun daɗe muna ƙirƙirar kalmomi a ɗakin taro waɗanda ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba.

Gwaggo dai an yi mata allurai, an janye ƙwayar a hankali, ta koma shan fura da nono, aka kuma dawo da ita cikin jikokinta don ta rage zaman kaɗaici. Cikin ya lafa ƙwarai. Ƙafar hagu ce har yau ba ta dawo daidai ba, likita ya ce an makara. Akwai irinta da yawa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu da ba su makara ba tukuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.