Agogon Intanet: Wa Ke Da Hurumin Cewa Aiki Ya Nuna?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin titin Gusau zuwa Funtuwa, a nan Tsafe, yana jiran a ce masa kuɗi sun shiga, to ya dogara da wani agogo da bai taɓa gani ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 cinikinmu ya koma kan waya, kuma kowace hulɗa sai an buga mata lokaci. Lambar sirrin nan ta banki mai canzawa bayan 'yan daƙiƙoƙi ba ta aiki sai agogon na'urarka ya yi daidai da na bankin. Hatta WhatsApp yakan ƙi buɗewa idan kwanan watan wayarka ya kauce.

Abin da ke saita agogunan kwamfutocin duniya shi ne tsarin NTP, wanda Farfesa David Mills, malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1985, ya kuma yi masa hidima har kusan rasuwarsa a Janairun 2024. Manhajar buɗaɗɗiya ce, ma'ana kowa na iya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Sai dai masu kula da ita 'yan ƙalilan ne, kuma a kansu ne wata tambaya mai nauyi take faɗawa: yaushe sabon zubi ya nuna har a sake shi ga duniya? A nawa ra'ayin, amsar da suka samo darasi ce ga duk mai riƙe da amanar jama'a a ƙasar nan.

A watan Fabrairun 2014 miyagu suka yi amfani da wani tsohon umarni da ke cikin NTP suka kai harin da kamfanin Cloudflare ya auna ƙarfinsa da kusan gigabit 400 a daƙiƙa guda. Wannan da makamantansa suka sa wasu masana, ciki har da Eric Raymond, suka ɓalle a 2015 suka kafa NTPsec domin sake ginin a kan tsaro. Abin sha'awa, mafi yawan aikinsu ragi ne. Sun gaji rubutun umarni sama da layi dubu 200, suka zubar da fiye da kashi biyu cikin uku, bisa hujjar cewa ɗakin da aka rushe ɓarawo ba ya ɓuya a cikinsa. Sannan suka shafe kusan shekara biyu suna fitar da zubin gwaji mai lamba 0.9, ba su yarda sun liƙa masa 1.0 ba sai a Oktoban 2017.

Mai karatu zai iya cewa wannan nawa ce. To amma lamba 1.0 alƙawari ce ga ma'aikacin banki da na kamfanin waya cewa yana iya ɗora dukiyar mutane a kai ya yi barci. Kafin su yi wannan alƙawari, a 2017 ɗin, kamfanin Cure53 na Jamus ya bincike NTP da NTPsec. Ya samo kurakurai a duka biyun, amma wasu daga cikin na tsohon ba su shafi sabon ba, saboda an riga an cire wuraren da suke. A shekarar kuma aka bincike kishiyarsu chrony, ita ce ma ta fito da mafi ƙarancin aibi. Darasin a fili yake: mai tuwo ba shi ne zai yabi miyarsa ba, sai baƙon da ya ɗanɗana.

Duk da haka, jinkiri ma yana da nasa sharrin, kuma a nan nake saɓa wa masu cewa a jira har sai aiki ya zama babu aibi. A 2021 aka gano wani kuskure a manhajar GPSD, wadda kwamfutocin rarraba lokaci da yawa ke karɓar sa'a daga tauraron ɗan'adam ta hanyarta. Kuskuren zai mayar da agogo baya da mako 1,024 ranar 24 ga Oktoba, wato zuwa Maris na 2002. Aka fitar da gyara a zubi na 3.23 cikin Agusta, domin masu amfani su sami sararin sabuntawa. Da masu aikin sun riƙe gyaran suna jiran kammala wasu ƙawace-ƙawace, da ranar ta riske su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma haɗari na uku, wato matsin lamba. A Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar XZ. Bincike ya nuna cewa an daɗe ana tsangwamar mai kula da ita, mutum guda da ya gaji, ana zarginsa da nawa, har ya buɗe wa wani ƙofa, shi kuma ya saki zubi mai guba. Wanda yake ɗaga murya yana cewa a saki yanzu-yanzu ba lallai ne masoyi ba.

Idan aka tattara waɗannan, ina ganin ma'aunin nunar aiki huɗu ne. Na farko, a rubuta sharuɗɗan saki tun kafin a soma, ta yadda gajiya ko zumuɗi ba za su sauya su ba. Na biyu, wanda bai sa hannu a ginin ba ya gwada shi, a kan na'urori iri-iri, har da tsofaffi da masu raunin sadarwa irin namu. Na uku, a bayyana sauran kurakuran da aka sani a fili, kowa ya shiga da idonsa buɗe. Na huɗu, a bambanta gyaran tsaro, wanda ba ya jira, da sabon ado, wanda zai iya jiran zubi na gaba. Idan waɗannan sun cika, a saki ko da akwai sauran buri. Idan ba su cika ba, a dakata ko da an riga an buga katin gayyata.

Wannan jumla ta ƙarshe ita ce ciwonmu. Sau nawa muka ga an ƙaddamar da shafin biyan albashi, ko na rajistar ɗalibai, ko na karɓar haraji, don kawai ya dace da bikin cika kwana 100 a ofis? A yanka kyalle, a ɗauki hoto, washegari ma'aikaci ya taso daga Bunguɗu zuwa Gusau ya wuni a layi ana ce masa "babu netwok". Ranar biki ce ta yanke hukunci, injiniyan da ya san aikin bai nuna ba kuwa ba a ba shi bakin magana ba.

Don haka ina kira ga manyan sakatarori da shugabannin bankuna da su ba masanansu hurumin cewa "tukuna", kuma kada faɗin hakan ya jawo musu fushin maigida. Haka nan bankuna da kamfanonin sadarwa da ke cin gajiyar waɗannan manhajoji kyauta ya kamata su tallafa wa masu kula da su, domin akwai jarrabawa a gaba: a Fabrairun 2036 ma'aunin daƙiƙoƙin NTP zai cika ya koma sifiri, kuma duk na'urar da ba a shirya ba tana iya rikicewa. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau ma suna da rawar takawa, tunda ƙofar gwaji a buɗe take ga kowa, kuma rahoton yadda manhaja ke aiki a inda wuta da sadarwa ke yawan yankewa abu ne da masu ginin ke buƙata.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Gaskiya ne, amma wanda ya bar tuwo a wuta don tsoron ɗanye, ƙonanne zai kwasa. Allah Ya ba shugabanninmu basirar gane tsakani.