Hoton Ɗalibai a Gasar Mutum-mutumi: Wa Ke Ɗauka, Wa Ake Ɗauka?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan zance ya fi tabbata a yau, lokacin da hoto ya zama shi ne shaidar da jama'a suka fi yarda da ita. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce ta jawo hankalin malamai da iyaye kan wani al'amari da ake ganinsa ƙarami, watau wanda ake bari ya ɗauki hoto a wurin gasar da ɗalibai suke yi ta ƙera mutum-mutumi, da kuma abin da ake yi da hoton bayan an watse.

Ita wannan gasa daga waje ta zo. A shekarar 1989 wani injiniya Ba'amurke mai suna Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST domin cusa wa yara son kimiyya da ƙere-ƙere. Ɗaya daga cikin gasanninta, FIRST LEGO League, ta iso Nijeriya, inda gidauniyar Coderina take shirya ta tsakanin makarantu. Yara kan shafe watanni suna harhaɗa na'ura suna rubuta mata umarni a kwamfuta, amma zagaye guda a kan teburin gasa minti biyu da rabi ne kacal. Wanda bai ɗauki hoto a cikin wannan ɗan taƙin lokaci ba, to sai dai labari.

To, su wa ke samun kusantar teburin? A bukukuwan makarantu na ƙasar nan an saba ganin 'yan jarida da masu ɗaukar hoton manyan baƙi su ne a gaba. Kashegari hoton da za a gani shi ne na babban baƙo yana miƙa kofi, an rubuta sunansa da muƙaminsa ba ragi, su kuwa yaran da suka ƙwammace barci domin aikin sai a ce da su "wasu ɗalibai". Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba a ce ɗan jarida mugu ba ne; labari yake nema, kuma abin da yake labari a wurinsa ba lalle ne ya zama shi ne aikin yaran ba.

Misali ya isa. A watan Yuli na 2017 aka yi gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington, ƙasashe fiye da 150 suka halarta. Duniya duka ta ga hotunan 'yan mata shida daga Herat ta Afganistan waɗanda aka hana bizar shiga Amurka har sau biyu kafin daga baya a bar su su shiga. Wannan labari ne da ya cancanci a ba da shi. Amma mutum nawa ne suka san aikin da na'urarsu ta yi? An ɗora wa kowace ƙungiya ta ƙera abin da zai rarrabe ƙwallaye shuɗɗa da masu ruwan lemo, a matsayin raba ruwa mai tsabta da gurɓatacce. Ilmin da aka je nunawa ke nan, shi ne kuma hoton jarida ya fi tsallakewa.

Mutanen Shahuci sun fi kowa cancantar su fahimci girman wannan hasara. A makarantar elementare ta wannan unguwa Malam Aminu Kano da Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, suka yi karatu a shekarun 1930. Amma mai neman hotunan 'yan makaranta na wancan zamani, abin da zai samu kaɗan ne, kuma galibi baƙi ne suka ɗauka, suka rubuta bayanin da harshensu, sau da yawa ba tare da sunayen yaran ba. A wancan lokaci akwai uzuri, domin kyamara a hannun Bature take. Yau kuwa da wuya a shiga lungu a cikin birni ba a tarar da wayar da ke ɗaukar hoto ba. Idan aka sake barin tarihin yara a hannun baƙo, laifin na gida ne.

Saboda haka ya kamata kowace ƙungiyar makaranta ta naɗa ɗalibi guda daga cikinta ya zama mai ɗaukar hotonta, masu shirya gasa kuma su ba shi alama da wurin tsayawa kusa da tebur kamar yadda suke ba ɗan jarida. Shi ya san daren da injin ya ƙi juyawa, ya san wadda ta gano inda kuskuren yake. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Har ila yau, kowane hoto a rubuta bayaninsa da Hausa, a faɗi abin da na'urar take yi, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makaranta, domin uwar da ba ta jin Turanci ta fahimci abin da ɗanta ya ƙera.

Akwai masu cewa barin kowa ya kusanci tebur zai kawo cunkoso, hasken kyamara kuma yana iya rikita idon na'urar da ke bin layi ko launi. Wannan magana tana da tushe, amma maganinta ƙa'ida: mutum ɗaya ga kowace ƙungiya, a bayan layin da aka shata, ba tare da walƙiyar kyamara ba.

Wata damuwar ta fi wannan nauyi. Uba a cikin birni yana iya yarda 'yarsa ta koyi kwamfuta, amma ya ƙi hotonta ya riƙa yawo a Facebook ana tofa albarkacin baki a kansa. Idan aka yi biris da wannan, abin da zai biyo baya shi ne a hana yarinyar zuwa gasar gaba ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shar'anta neman izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, hoto kuwa yana cikin bayanai. Sai a rubuta takardar izini da Hausa tun kafin ranar gasa, a ba uba zaɓi: a ɗauka a buga, ko a ɗauka a ajiye a makaranta kawai, ko kada a ɗauka. Wadda iyayenta suka ƙi, ana iya ɗaukar hannuwanta a kan aiki, aikin ya fito, mutuncinta ya tsira. Ɗan aji wanda ya san kowa shi zai fi baƙo kiyaye wannan amana.

A ƙarshe, kofi yakan yi tsatsa, na'ura kuma akan wargaza ta a haɗa wata a shekara mai zuwa. Abin da zai saura shi ne hoto da 'yan kalmomin da ke ƙarƙashinsa. Ya rage ga hukumomin makarantu da masu shirya gasa su tabbata cewa ranar da yaran Shahuci suka tsaya a gaban wannan tebur, akwai ɗan'uwansu riƙe da kyamara, kuma da yardar iyayensu.