Waiwaye: Gida na Biyu Bayan Furfura

Mun san yadda iyayenmu suka mallaki gida na biyu. Malamin makaranta ko ma'aikacin jirgin ƙasa zai sayi fili a bayan gari, ya kewaye shi, ya ƙyale. In an kwashi adashe a buga bulo, in gyaɗa ta yi albarka a ɗora kwano. Ɗaki ɗaya na kammaluwa sai a sa ɗan haya, kuɗinsa su tayar da na gaba. Akan shekara goma ana fama, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma ranar da mai gida ya ajiye aiki, gidan ne ke ciyar da shi.

Yau sai mu ga dattijo ɗan shekara 55, takardu a hammata, yana neman lamunin banki don ya sayi gidan haya. Niyyarsa kyakkyawa ce, so yake ya bar wa 'ya'ya abin dogaro.

Da aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, aka riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinmu, an yi mana tanadin lamuni, wanda daga baya aka mayar da ruwansa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Sau ɗaya ake ba mutum, don gidan da zai zauna. Mai neman na biyu sai bankin kasuwa, inda ruwa ya haura kashi 20. Shekaru ma ba sa goyon bayansa: ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60, don haka bashin da saurayi zai shimfiɗa a shekara 20, shi a biyar za a matse masa. Ko a bankunan da ba ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, biyan wata-wata yana nan. Ɗan haya kan yi jinkiri, fansho kan makara, banki kuwa ba ya jira.

Abin da muka manta shi ne iyayenmu suna tsoron mutuwa da bashi, domin sun san sai an biya shi kafin a raba gado. Ɗan'uwana, kafin ka ba da takardar gidan da iyalinka ke kwana a ciki jingina, ka zaunar da uwargida da manyan 'ya'ya, ka karanta musu sharuɗɗan. Ka kuma nemi bankin ya rubuta maka abin da zai faru da gidan in ta Allah ta kasance kafin a gama biya.