ZARE: Wai kiɗan na'ura ba kiɗa ba ne? To ku zo mu yi maganar Mamman Sani

1/ Jiya wani bawan Allah ya rubuta a nan cewa kiɗan na'ura ba kiɗa ba ne, danna maɓalli ne kawai, kuma wai fiyano ne ya kashe mana kiɗan gargajiya. Jama'a suka yi ta tafa masa. Na so in wuce, amma maganar ta tsaya min a maƙogwaro. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/ Cikin masu tafin nan, mutum nawa ne suka san Mamman Sani? Mamman Sani Abdoulaye na Yamai, mai ogan. In kai ɗan Nijar ne, ka tashi gaban Télé Sahel ko kusa da rediyon baba yana kan Voix du Sahel, to kunnenka ya san shi ko da bakinka bai san sunansa ba.

3/ Kiɗan nan mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, ko a ƙarƙashin muryar mai sanarwa, wanda ba waƙa a kansa, da yawa daga cikinsa na mutumin nan ne. Sama da shekara 30 ana juya shi. Ana ci, ana sha, ana jiran labarai da shi. Ba a cika tsayawa a ce "wai wa ya yi wannan?" ba.

4/ Ga yadda abin ya faro. Yana aiki da UNESCO a shekarun 1970, aikin yana kai shi ƙasashe. A wani taro ya haɗu da wakilin Ruwanda wanda ya zo da ogan mai lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla. Mamman ya ji sautin, ya nace sai da mutumin ya sayar masa. Ya ɗauko abinsa ya kawo Yamai.

5/ Ku tuna fa, ba YouTube, ba wanda zai ce masa "danna nan". Shi da akwatin ne kawai a ɗaki.

6/ Kuma irin waɗannan ogan na wancan zamani an ƙera su ne don falon Bature. Kiɗan da ke cikinsu na rawar Turawa ne da na Latin Amurka, su walz, su tango. Wanda ya ƙera bai taɓa tunanin Agadas ko Damagaram ba. Abu mafi sauƙi shi ne Mamman ya zauna yana kwaikwayon abin da akwatin ya zo da shi, a ce masa ɗan gayu. Bai yi haka ba.

7/ Sai ya juya akwatin ya fuskanci gida. Ya ɗauko tande na Buzaye, turmin nan da ake ɗaure wa fata mata su zagaye shi da tafi da waƙa. Ya ɗauko waƙoƙin Wodaɓe, waɗanda muryoyi da yawa ke hawa kan juna. Ya ɗauko waƙoƙin makiyaya. Duk ya zuba su cikin yatsu goma.

8/ Malam mai cewa "danna maɓalli ne", ka taɓa gwada wannan? Waƙar da mutum ashirin ke yi a fili, kowa da numfashinsa, ka mayar da ita hannu biyu a kan na'urar da sautinta a ƙayyade yake, ba ya lanƙwasa kamar murya ko goge. Dole ka zaɓi abin da za ka riƙe da abin da za ka saki. Zaɓin nan shi ne aikin. Kunne ke yin sa, maɓalli bai san komai ba.

9/ A 1978, zamanin Seyni Kountché, ya shiga sutudiyon gidan rediyon ƙasa da ogan ɗinsa. Aka ɗauki zubi na farko, aka kunna masa, ya ɗora na biyu a kai. Shi ke nan kayan aikin. Abin da ya fito shi ne kaset ɗin da yanzu duniya ta sani da La Musique Électronique du Niger.

10/ Ku riƙe shekarar nan, 1978. A shekarar ce Kraftwerk na Jamus suka saki The Man-Machine. A shekarar ce Brian Eno na Ingila ya haɗa Music for Airports, wanda ake ta rubuta littattafai a kansa a matsayin tushen kiɗan da ke zama a bayan fage ba tare da ya dame ka ba. To mutumin Yamai ma abin da yake yi ke nan, kuma nasa har ƙasa guda ta rayu da shi a rediyo.

11/ An shirya fitar da kaset ɗin ne da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu, don a nuna sabon kiɗan Nijar. Shirin bai je ko'ina ba. 'Yan ƙalilan aka buga, magana ta mutu. Kun san halin aikin gwamnati, ba sai na ɓata bakina ba.

12/ Sai bayan shekara 30 da ɗoriya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, yana tonon tsofaffin kaset a wani ɗakin ajiya a Yamai ya ci karo da shi. Ya nemi mai kiɗan, ya same shi da ransa a garin. A 2013 aka sake fitar da aikin a faifan garmaho.

13/ Daga nan sai ga Taaritt a 2014, aikin da ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 bai taɓa fita ba. Sai ga wani kundin na kaset ɗin da ya yi tsakanin 1981 da 1984. Dattijo ya hau jirgi ya je Turai yana wasa, matasa sa'annin 'ya'yansa suna tsaye shiru suna saurare.

14/ Na san abin da wasu za su rubuto yanzu: "Turawa sun sace mana." Ku dakata. Mutumin ya nemi mai abu, da sunansa da hotonsa aka fitar. Kaset ɗin nan shekara nawa yana shan ƙura a garinmu? Wa ya hana mu ɗauka? In za mu yi fushi, mu fara da madubi.

15/ Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne masu yabon bayan fage. Da Mamman yaro ne yau a Fagge ko Zongon Yamai, ya saki kiɗa na minti shida ba murya, ba "sa hannu sama", ba sunan wani Alhaji a ciki, ku da kanku za ku ce "wannan ai bai gama ba, ina waƙar?" Amma da yake an buga shi a Amurka, sai ga mu muna "gwarzon Afirka".

16/ Mu dawo kan "na'ura ba tamu ba ce". Algaita da ake busa wa sarki, sunanta ma daga Larabcin Magrib ya zo. Bandirin da ake bugawa a zawiyya, haka. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Gwangwani fa! Daga masana'anta ya fito. Akwai wanda ya taɓa cewa Ɗan Maraya ba kiɗan Hausa yake yi ba?

17/ Kuma kiɗa ba waƙa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalangu yana magana ba baki. Ɗan dambe yana jin takensa tsigar jikinsa ta tashi tun maroƙi bai buɗe baki ba. Bafulatani da sarewarsa a bayan shanu ba ya jiran amshi. Mu ne muka zo daga baya muka mayar da kiɗa ɗan rakiyar murya.

18/ In don gaskiya ne, mai maganar jiya yana da inda ya taɓo. Fiyano ya raba makaɗa da yawa da abincinsu. Bikin da a da sai an kira mai kalangu da mai kukuma da 'yan amshi, yanzu yaro ɗaya da sifika ya wadatar. Kuma rabin waƙoƙin da ke fita, kiɗa ɗaya ne ake sauya wa riga. Wannan ciwo ne na gaske, ban musa ba.

19/ Amma laifin wa? Mamman ya sami akwati mai sauti kaɗan ya je ya saurari tande. Kai ka sami kwamfuta mai sauti dubbai, ka ɗauko wanda kowa ya ɗauka, saboda mai waƙa yana tsaye a kanka yana cewa "yi min irin na wane, yau nake so." Kasala ce da rowa da gaggawa. Kar a ɗora wa wutar lantarki.

20/ Ba kuma shi kaɗai ba ne a nahiyar nan. Halim El-Dabh ya ɗauki sautin bikin zar a Alƙahira da na'urar ɗaukar murya a kan waya, ya sarrafa shi, tun 1944, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer na Faransa da ake yawan cewa shi ya fara. Francis Bebey na Kamaru. William Onyeabor a Inugu da sutudiyonsa, wanda shi ma sai 2013 wani kamfanin New York ya sake fito da shi. Kun ga zanen yana maimaita kansa?

21/ Har yanzu ma bai daina ba. Hama, wani matashi a Yamai, kiɗan fiyanonsa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, ba suna a jiki. Mutane na ji a mota da shago ba su san mai shi ba. Sahel Sounds ɗin dai ne suka fitar masa da Torodi a 2015, sannan Houmeissa a 2019. Ɗan da aka haifa bayan kaset, amma ƙaddara iri ɗaya.

22/ Mu nan gida fa? Ɗauki waƙar fim ko ta biki da ka fi so a bana. Ka san mawaƙi, ka san jarumar da ta hau, wataƙila har ka san wanda ya ɗinka mata kaya. Wa ya yi kiɗan? In ka sani ba tare da ka duba ba, rubuta a ƙasa, ina jira.

23/ Ina da aboki mai haɗa kiɗa. Kwana uku ya yi a kan wata waƙa, da janareto da man aljihunsa. Waƙar ta zaga gari, an taka ta a gidan biki ba adadi. Abin da aka ba shi ko kuɗin man bai mayar ba, sunansa kuma ko a ƙasan bidiyo babu. Da ya yi magana aka ce masa "kai da kwamfuta ce ta yi maka." Maganar jiyan nan dai, ita ce ake amfani da ita a hana mutum haƙƙinsa. Shi ya sa ban iya wucewa ba.

24/ Na taɓa zuwa wani gidan rediyo neman tsohon kiɗa don wani aiki. Aka buɗe min ɗaki. Rufi na yoyo, faya-fayai a ƙasa, wasu gara ta ci kwalinsu, wasu an goge an ɗora jawabin wani gwamna a kai. Mai gadin ɗakin ya ce min shekara da shekaru ba wanda ya tambaya. Allah kaɗai ya san Mamman Sani nawa ne a cikin tarin nan.

25/ Aikin gida: ku nemo "Salamatu", yana Bandcamp da YouTube. Kiɗan soyayya ne ya yi wa wadda bai samu ba, ba kalma ko ɗaya a ciki. Ku sa abin kunne, da dare, ku bar shi ya kai ƙarshe, kar ku tsallake. Mai maganar jiya, har da kai.

26/ 'Yan Nijar da ke nan, ku kunna wa iyayenku ku faɗa min abin da suka ce, da shirin da suke tunawa da shi. Wanda kuma yake da tsohon kaset a akwatin baba, na kowane makaɗi, don Allah kar a zubar. Ku yi min magana ta ciki, ina da na'urar juyawa zuwa kwamfuta, kyauta zan yi.