Mai ba ɗalibai shawara: da wace tiya za a auna aikinsa?

A makarantun ƙasar Amurka akwai wani ma'aikaci wanda ba ya koyar da lissafi ko tarihi, amma ƙarshen wata yana karɓar albashi kamar kowane malami. Aikinsa zama da ɗalibai: ya ja kunnen mai fashin lakwal, ya sasanta masu faɗa, ya nuna wa mai shirin kammala karatu hanyar jami'a ko ta sana'a.

Aikin ya daɗe. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan sana'a a birnin Boston. A 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik, Amurka ta kafa dokar da ta zuba kuɗi don horar da irin waɗannan ma'aikata. Sai dai an daɗe, in aka tambayi ɗayansu abin da ya yi, amsarsa ita ce: na gana da yara kaza, na yi taro kaza. Ɗan kasuwa kuwa ya san ƙirga waɗanda suka tsaya bakin rumfa ba shi ne ciniki ba.

A 2002 Shugaba Bush ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa makarantu nuna sakamakonsu da alƙaluma. A 2003 ƙungiyar masu wannan aiki, ASCA, ta fito da nata tsarin, inda lissafi ya kasu uku: yara nawa aka kai gare su, me ya sauya a saninsu da halinsu, sannan me ya sauya a maki, da zuwa makaranta, da ladabi. Wanda ya ɗauki nauyin masu fashi, sai ya rubuta kwanakin fashinsu kafin ya soma da bayan ya gama, ya kai wa darakta da iyaye. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To amma hisabin ba kansa kaɗai ya tsaya ba. ASCA ta ce kada ɗalibai su wuce 250 a hannun mutum guda. A shekarar karatu ta 2022-2023, matsakaicin ƙasar 385 ne. Ta ce kashi 80 cikin 100 na lokacinsa ya tafi ga hidimar ɗalibai, alhali wasu shugabannin makarantu na ɗora masa gadin jarrabawa da riƙe ajin malamin da bai zo ba. Ga kuma asirin da yaro ya faɗa masa a ɗaki, wanda amana ta hana a rubuta cikin rahoto.

Saboda haka, kafin hukuma ta tambayi ma'aikaci amfanin da ya kawo, sai ta fara faɗin yara nawa ta ɗora masa, da lokacin da ta bar masa.