Gyara da hannunka: in tiyon kilima ya cije

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanga wata zancenmu na mota ne. Yanzu akwai masu Hilux da ƙananan motoci a Dakoro, da Kornaka, da Sakabal. Da yawa cikin motocin suna da kilima, wato abin da ke sanyaya cikin mota. Bazara na shigowa, sai kilima ta daina sanyi. Mai mota ya duba, ya ga maiƙo a mahaɗar tiyo, ya gane daga nan take yoyo. Ya ɗauko lakile zai kwance, noti ya ƙi motsi.

Me ya sa yake cijewa? Tiyon na alminiyon ne, irin ƙarfen nan mai taushi da ake ƙera tukwane da shi. In ya daɗe manne da baƙin ƙarfe, laima tana shiga tsakani, sai wata farar tsatsa ta liƙe su. Kuma yawancin motocinmu tsofaffi ne, sun yi shekaru a Turai, inda ake zuba gishiri bisa hanya lokacin sanyi. Gishirin ya ci su tun ba su zo nan ba.

To, kafin ka taɓa noti, ka san abu guda. Cikin tiyon nan akwai gas a matse, ko da mota tana kashe. Da zafin rana, ƙarfinsa ya kai na iskar taya kamar sau 4. In ya feso, sanyinsa yana ƙona fata, yana iya makantar da mutum. Saboda haka a fara kai mota wurin mai gyaran kilima ya zuƙe gas ɗin da na'urarsa. In babu shi kusa, Maradi kamar kilomita 120 ce. Tafiyar da tsada, amma ba ta kai tsadar ido ba.

Sakin gas cikin iska ma ba daidai ba ne. Na tsofaffin motoci, mai suna R12, yana ɓata rufin sama da ke tare mana kaifin rana. Shi ya sa ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a 1987 don a daina yin sa. Wanda ya maye gurbinsa, R134a, shi kuma yana ƙara zafin duniya.

In gas ya fita, ga yadda za ka yi. Ka goge ƙura da datti. Ka ɗiga man kwance tsatsa a bakin noti. In babu, gazuwal kaɗan ya isa. Ka bar shi ya kwana. Da safe ka ƙwanƙwasa gefen noti a hankali, ba dukan maƙera ba.

Sannan ka ɗauki lakile biyu, daidai da girman noti. Ɗaya ta riƙe ɓangaren da ba ya juyawa, ɗaya ta juya. Wannan shi ne babban abu. Mai aiki da lakile guda, tiyon yake murɗewa, ba noti ba, kuma tiyon da ya murɗe sai sabo. Ka ɗan matsa gaba, ka ɗan komo baya, ka ƙara mai, ka sake. In wata ƴar kusa ce ta riƙe mahaɗar, ka cire ta, ka jijjiga tiyon da hannu har ya saki. Kar ka cusa ƙarfe tsakani kana ɓamɓara, bakin zai lotse.

Wasu suna cewa a sa wuta. Ga kusar amalanke wannan dabara tana aiki, amma nan ban yarda da ita ba. Alminiyon yana narkewa bai yi ja ba, ba za ka ga alama ba. Kuma ragowar gas in ta ji wuta, hayaƙi mai guba take zama.

Da ya kwance, ka rufe bakin tiyo da leda mai tsabta, ka ɗaure. Kun san ƙurarmu. Rairayi kaɗan ya isa ya kashe kwamfareso, shi ne mafi tsada cikin kilima. Ƴar robar da ke mahaɗa kuma, ka sa sabuwa, kar ka maida tsohuwa. In ka ɗaure, sai ka koma wurin mai gyara ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya zuba gas.