RA'AYI: Manhajar da ta dace da ɗan Yolde Pate mai burin tsara wasannin bidiyo

A zuwana Yola na baya-bayan nan, na iske ɗan ƙanwata a unguwar Yolde Pate ya kwana uku yana fama da sauke manhajar Unreal Engine a wata tsohuwar kwamfuta da ya saya ta hannu a Jimeta. Data ya ƙare masa sau biyu, wuta ta ɗauke ba adadi, da ya gama kuma sai kwamfutar ta ƙi motsi. Burinsa ya zama mai tsara matakan wasannin bidiyo, kuma wani mai koyarwa a intanet ya gaya masa cewa wanda bai iya Unreal ba bai fara ba. Yaron ya kusa yanke ƙauna, yana ganin ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, alhali kayan aikin da aka zaɓa masa ne bai dace da shi ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, mai tsara mataki shi ne ke shata filin da ɗan wasa zai ratsa: ina ƙofa take, ina maɓoya, ta ina abokin gaba zai ɓullo, a ina za a tsananta, a ina za a sassauta masa ya huta. Ƙwararru kan fara da takarda da fensir, sannan su gina wurin da akwatuna marasa ado, su sa mutane su gwada, su gyara, su sake gwadawa. Mafi yawan wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada.

Batun ya shafi ma'aikatanmu na Abuja kai tsaye. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Zamani ta ƙaddamar a 2023, domin horar da 'yan Najeriya miliyan 3, ya sanya ƙera wasannin bidiyo cikin fannoninsa. Duk jami'in da ke rubuta takardar shawara, ko jadawalin darussa, ko jerin kayan da za a sayo wa cibiyar horaswa, shi ne ke yanke hukuncin ko ɗan Yolde Pate zai iya ci gaba da aiki a ɗakinsa bayan an rufe aji.

A ganina tambayoyi uku ya kamata a yi wa kowace manhaja. Ta farko, nauyinta. Unreal Engine 5, wadda ta fito a 2022, tana cin gigabait da yawa, kuma kamfanin Epic Games da kansa yana ba da shawarar kwamfuta mai RAM gigabait 32. Godot kuwa, wadda wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka saki kyauta a 2014, ba ta kai megabait 100 ba wajen saukewa, tana aiki a kan tsofaffin kwamfutoci, har ma akwai samfurinta na wayar Android. Tiled, ta zana taswirar mataki, ita ma marar nauyi ce.

Ta biyu, kuɗi. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk lasisin da ake biya da dala ya zama kaya mai nauyi. Blender kyauta ce, kuma tana yin yawancin abin da ɗalibi zai nema a manhajojin da ake biya duk shekara. Lasisin da gwamnati ta biya na shekara guda yakan mutu tare da kasafin shekarar, ɗalibi ya koma neman na sata.

Ta uku, wa ke da iko da ita? A Satumbar 2023 kamfanin Unity ya sanar da cewa zai riƙa cajin masu ƙera wasanni gwargwadon yawan saukewar wasanninsu. Duniyar sana'ar ta yi caa, shugaban kamfanin ya sauka a watan da ya biyo baya, aka kuma soke tsarin a Satumbar 2024. An janye, amma darasin ya zauna: wanda ya hau dokin aro, ranar da mai doki ya so zai sauka. Godot da Blender buɗaɗɗun manhajoji ne, babu kamfanin da zai wayi gari ya sauya wa mai amfani da su sharaɗi.

Na san abin da za a ce: masu ɗaukar aiki Unity da Unreal suke tambaya. Gaskiya ne, kuma kamfanin Maliyo Games na Legas da Unity yake horar da matasa a shirinsa na GameUp Africa. Ban ce a guje su ba, cewa na yi a bi tsari. Wanda ya kammala matakai biyar a Godot, ya ga inda 'yan wasa suka ɓace da inda suka gaji, zai koyi Unity cikin sauƙi, domin maɓallai ne kawai suka sauya. Unreal kuma a tanade ta a cibiyoyi masu wutar sola da manyan kwamfutoci, tare da haɗin gwiwar makarantu irin su Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola.

Abin ginawa ma yana ƙofar gida. Sukur da ke Madagali, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, tana da hanyoyin dutse masu hawa tsauni da gonaki hawa-hawa har zuwa fadar Hidi. Ɗalibin da ya iya mayar da wannan hawan ya zama mataki mai jan hankali yana da abin nunawa da ɗan Legas ko ɗan Landan ba shi da shi.

Don haka roƙona ga masu riƙe da alƙalami shi ne, kafin a rubuta sunan manhaja a takarda, a gwada ta a irin kwamfutar da ɗalibi ke da ita a gida. A kuma auna nasarar horo da yawan matakan da ɗalibai suka gama har aka buga, ba da yawan takardun shaidar da aka raba ba.

Shi dai ɗan ƙanwata ya sauke Godot da ragowar datansa. Matakinsa na farko lungunan unguwarsu ne, kuma ƙannensa sun riga sun gano masa wuri biyu da mutum ke maƙalewa.